Furar da Ta Sha Esans

Duk abin da ya faru laifin rabin gwangwanin fenti ne. Ni hannu kawai na ara masa.

Kafin babbar salla Baba ya sa aka shafe falonmu da shuɗin fenti mai ƙyalli. Rabin gwangwani ya ragu, aka tura shi bayan randa. Muna bakans, wato hutun makaranta, ba lakwal, ba abin yi, ga zafin Damagaram mai sa ƙadangare tafiya da ƙafa biyu. Na tsefe kaina, na kitse, na sake tsefewa. Na tsokani akuya har ta daina kula ni. Duk inda na juya, gwangwanin nan yana kallona.

A ƙuryar gidanmu akwai ɗakin ajiya, tsohon ginin ƙasa. Mabuɗinsa na hannun Kaka, mahaifiyar Baba. A ciki akwai kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, da buhu huɗu na hatsi daga gonar marigayi mijinta a Tirmini. Ranar Juma'a kaɗai ake buɗe shi, ta auna na mako da tiya, ta miƙa wa Inna, ta rufe. Kaka ba ta cin shinkafa, makaroni kuwa ta ce tsutsa ce aka busar. Fura ce abincinta, kuma ba ta taɓa shan ta hatsin kasuwa ba.

Kullum tana kukan gara ta cinye mata bango. Ni kuwa na ji mai fenti yana cewa gara ba ta son fentin mai. Sai na ce, ai ga ranar da za a san an haifi ƴa a gidan nan.

Ranar Litinin kowa ya tafi suna a Birni, ni na ce kaina ke ciwo. Na zaro mabuɗi daga kwanon goron Kaka. Fentin ya daskare kamar tuwon jiya, amma na ga yadda mai fenti ke tsinka shi, don haka na ɗauko kwalbar esans, fetur ɗin da Yaya ke ajiye wa motonsa mai ƙafa biyu a zaure, na juye duka. Buhunan sun fi ƙarfina, sai na bar su a inda suke, ina zagaye su da buroshi. Da na gama na rufe taga, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma don kada ƙura ta ɓata mini aiki, na mai da mabuɗi.

Kwana huɗu ɗakin yana rufe cikin wannan zafi. Ni kuwa na kasa zama wuri guda. In wuce ta ƙofar in shinshina, in dawo in sake wucewa. Yaya yana ta zagin yaran unguwa a kan kwalbarsa, ina taya shi.

Ranar Juma'a Kaka ta buɗe ƙofa. Warin da ya fito ya kusa cire mata ɗankwali. Ta dubi shuɗin bango, ta dubi shuɗin da ya maƙale a ƙumbata.

"Ke ce?"

"Kaka, saboda gara na yi."

"Garar ta aiko ki?"

Aka zubar da kuka da daddawa nan take. Hatsi kuwa Inna ta ce ƙila warin a buhu ya tsaya. Aka daka, aka dama. Kaka ta kai ludayi baki, ta ajiye shi a hankali.

"Wannan ba fura ba ce, tashar mota ce."

Yaya ya kurɓa ya ce a ba shi saura ya zuba a moto. Baba ya yi gyatsa, Inna ta ce kada kowa ya ƙyasta ashana kusa da shi. Duk aka yi dariya, ban da Kaka.

To mu jinin Barebari ne, kuma a gidanmu babu warin da ba a kai ƙararsa wajen turaren wuta. Bayan ɗakin ya sha iska kwana biyu, Inna ta shiga da kasko uku, ta zuba turarenta na ɓoye, wanda ko ranar salla sai ta auna shi da tsinke, ta rufe ƙofa. Hayaƙi ya yi ta fita ta rufi har maƙwabciyarmu ta leƙo tana tambayar wa za a aurar ba a gaya mata ba.

Esans bai tafi ko'ina ba. Abokin zama kawai ya samu. Tuwon ranar ya fito da ƙamshin amarya da aka ɗauko a kan kabu-kabu.

Baba ya ce, "Iya, a ba tumaki wannan, in sayo miki wani."

Kaka ta ture kwanon tuwon gefe. Ranar ba ta sha komai ba sai shayi. Washegari ma haka. Furar kasuwa da Baba ya kawo tana nan a rufe har ta yi tsami. A nan dariyata ta ƙare. Na je na durƙusa bakin tabarmarta, na ce ta doke ni ko na samu sauƙi.

"In doke ki hatsina ya warke? Tashi ki ɗauko tabarmi. Wari a dusa yake kwana, bai kai ga ƙwaya ba, in Allah ya so."

Muka baza hatsin a tsakar gida, kwana uku cikin rana. Ni ce mai gadi. Na yaƙi kaji, na yaƙi tantabarun maƙwabta, akuyar da na tsokana ta dawo ɗaukar fansa. Kowace sa'a in bi in juya shi da hannu, in shinshina har hancina ya daina bambanta esans da albasa. Sannan surfe. Kaka ta hana a kai inji, ta ce hannun da ya riƙe buroshi zai iya riƙe taɓarya. Na surfa, na bakace, na wanke sau uku, na sake surfawa. Tafin hannuna ya yi ƙulu-ƙulu kamar bayan kwaɗo.

Buhun da ya jingina da bango bai gyaru ba. Aka ba tumaki, su ma sai da suka yi shawara.

Da aka dama ta farko daga sauran, duk gida ya tsaya. Kaka ta kurɓa, ta daɗe tana juya ta a baki. Ni ina tsaye, ƙafa ɗaya tana taka ɗaya.

"Moton yana nan," ta ce. "Amma ya yi nisa. Ya kusa Tirmini."

Ta sake cika ludayi.

Da damina ta sauka, ginin ƙasa ya sha ruwa, fentina ya kumbura ya yi ta zubowa falle-falle, gara ta koma gidanta. Mabuɗin kuwa yanzu a bakin zanen Kaka yake, ƙulli uku. Kowace Juma'a in ta gama awo, ba ta kiran Inna. Taɓarya take nuna mini da baki.