Gyaɗar Da Na Shanya A Ƙofar Gida

A unguwarmu ta Kwanyawa babu macen da ba ta san ni da gyaɗa ba. Tun da aka kawo ni daga Gwangwan ina amarya, sanin gyaɗa ne abin da na taho da shi daga wajen uwata. In an shanya gyaɗa, sai in ɗebo a tafin hannu in kaɗa a jikin kunne. In ƙwayar ta amsa kacau-kacau a cikin ɓawo, ta bushe, a zuba a buhu. In ta amsa da nauyi, a mayar da ita rana. Ban taɓa ɗaga wa kowa ƙafa a kan wannan ba. In na shiga gida barka ko dubiya na ji warin fumfuna, ba na fita sai na faɗa. Maƙwabciyata mai ƙuli-ƙuli ta fi kowa shan faɗana, domin mace ce mai gaggawa, kuma har yau ban ga laifina ba. Saboda haka in damina ta matso, wurina ake zuwa neman iri.

Shekarar da nake ba da labarinta, na kwashe gyaɗata na ɗinke buhu biyu na jingine a ɗakina. Bayan kaka ta yi nisa na farke ɗaya zan yi kunu, sai wari ya buge ni. Na ɓare ɗaya, na ɓare goma. Wata ta yi kore-kore, wata ta motse ta yi baƙi, na taɓa a harshe ɗaci. Na zauna a bakin gado na rasa abin da ke mini daɗi. Na kaɗa ta da hannuna kafin in kwashe, na kuma rantse na ji ta amsa. Ashe ba ita ta amsa ba, kunnena ne ya fara tafiya, yana ba ni abin da ya saba ji. Na ja buhunan bayan gado na rufe da tsohuwar tabarma. Niyyata in riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan ina binnewa a bayan gida. Ko akuyata ban yarda ta ci ba.

Ana cikin haka jikata ta zo daga Kano, 'yar ɗana na biyu. Ta gama karatun jami'a ta sake komawa wani a kansa. Ta sauke jaka da kwamfutarta da wani farin ƙyalle, ta ce aiki ya kawo ta, kuma gyaɗa take nema. Wai so take ta koya wa inji gane gyaɗa mai fumfuna daga hoton waya, domin fumfunar tana barin guba da ke cin hanta, kuma ko an soya ba ta mutuwa. Na ce ni ban taɓa neman inji ba kafin in gane ruɓaɓɓiyar gyaɗa.

"Ke ɗaya ce ai, tsohuwa," ta ce, "kuma ba za a yanka ki a raba kasuwa-kasuwa ba."

Na ce ja'ira, uwarki za a yanka. Ta yi dariya, ni ma na yi, amma idona na kan ƙofar ɗakina.

Da na tambaye ta ko wannan 'yar kwamfutar da take buɗewa a cinya ita za ta koyi aikin, ta ce a'a, wannan ko shekara za ta yi ba za ta gama ba. Akwai wata babba a wani gari mai nisa, ɗaki guda ta cika, ana hura mata sanyi dare da rana. Ba ta jami'a ɗaya ba ce, masu bincike na jami'o'i da yawa ne suke tarayya a kanta. Mutum zai faɗi abin da yake son yi, in an duba an yarda sai a yanka masa lokaci, kuma akwai masu kula da ita da suke taimaka wa ɗalibai su ɗora aikinsu. Ta ce in ɗauka injin niƙan garinmu ne. Ka ajiye kwanonka a layi, in layi ya zo kanka babu hatsi a ciki, mai inji ba zai kashe inji ya jira ka ba. Ita tun bara kwanonta ke layi, yanzu ya zo, kuma in watan nan ya mutu ba ta ɗora komai ba, sai na bayanta ya shiga. Kafin wani layin ya zagayo, lokacin da aka ɗibar wa karatunta ya ƙare.

Abin da za ta zuba a kwanon shi ne hotuna masu yawa, na gyaɗa mai kyau da na maras kyau. Ta fara bin gidaje tana roƙon a ɗebo mata daga buhu yadda take, kada a tsince. Kowane gida sai a shimfiɗa mata tabarma, a kawo ruwa, a tambayi mutanen birni, sannan uwargida ta shige ɗaki ta daɗe. In ta fito, sai ga gyaɗa a faifai ɗaya bayan ɗaya kamar an wanke. Wa zai miƙa wa baƙo ruɓaɓɓen abu? Ta yi bayani har ta gaji, su ce su dai bana Allah ya tsare su. Ni na san abin da ita ba ta sani ba. Jikata ce, duk abin da ta ɗauko ta gaban idona zai wuce, kuma babu wadda ta manta bakina.

Muka je har Gwangwan gidan ƙanena. Matarsa ma haka ta yi, har da ƙarin dafaffiya a kwano wai mu ci a hanya.

Wata rana da hantsi na ji ta tana waya da wata mata daga cikin masu kula da injin. Ta ƙure muryar wayar, don haka na ji wani abu, sauran kuma ta faɗa mini. Matar ta ce injin da aka nuna wa mai kyau zalla, duk abin da ya gani zai ce mai kyau ne. Ta ce in hotunan ba su samu ba, gara ta saki lokacin tun da wuri a ba wani, domin akwai masu jira da yawa, ba a son inji ya zauna haka nan. Ba da faɗa ta yi maganar ba, har ta ce za ta riƙe mata wurin zuwa 'yan kwanaki. Yarinyar ta ajiye waya ta zauna a gindin turmi. Na zuba mata ɗumame, ƙuda ne suka ci.

Na kira ta ɗaki na ce ta ja tabarmar bayan gado. Ta farke bakin buhu, ta sa hannu, ta ɓare. Na tsaya jiran tsiyar da za ta yi mini, domin da ta yi da na samu abin ramawa. Ba ta yi ba. Ta ɗebo ta kaɗa a kunnenta, ta dube ni, sannan ta matso ta yi maganar da ɗan ƙarfi, yadda ake yi wa kurma.

"Tun yaushe, Kaka?"

Tun da aka haife ta ba ta taɓa ce mini Kaka ba sai ran nan. Na juya na hau gyaran shimfiɗar da ba ta ɓaci ba.

Ta wuni tana jera ƙwayoyin a kan farin ƙyalle tana ɗauka. Da yamma ta ce an samu, amma ba zai isa ba. Gona ɗaya ce, iri ɗaya, ruɓa iri ɗaya. In injin ya koya da wannan kaɗai, tawa kawai zai riƙa ganewa. Tana bukatar ta gidaje daban-daban. Ba ta roƙe ni komai ba, ta ce dai za ta sake zagayawa.

Na san zagayen ba zai yi ba. Washegari bayan na idar da sallah na daɗe zaune a kan buzu. Da rana ta fito na ja buhu ɗaya da kaina har waje, na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, daidai hanyar da ake bi zuwa famfo, na juye. Warin ya tashi. Na ɗauko kujerata na zauna a gefe, na ja mayafi har goshi.

Wadda ta fara zuwa ita ce wadda nake gudu. Mai ƙuli-ƙuli ta tsaya da bokitinta, ta gaishe ni, ta tambayi kwana, ta tambayi ƙafa, ta tambayi baƙuwa, duk idonta na kan tabarma. Sannan ta sunkuya ta ɗauka ta shinshina.

"Ikon Allah. Yaya, wace ƙazamar ce ta aiko miki da wannan?"

"Tawa ce."

"Saye kika yi ke nan."

"Nomana ce, shanyata ce, ɗinkina ne."

Ta yi dariya har ta zauna a kan bokitin. Ta ce da na tambaye ta da ta ara mini tata, domin wajen ruɓa tata ta fi wannan iya aiki. Na ce to ta kawo wa yarinya, abin da ake nema ke nan. Ban iya ɗaga ido na dube ta ba. Mutane suka yi ta wucewa, maza su yi sallama su kau da kai, tsofaffin mata su tsaya su yi salati. Wata da na taɓa hana ta ba jikokinta kunun da ta dama ta ce, "Ashe kowa ma ɗan Adam ne," ta wuce. Na zauna a wurin har inuwa ta bar ni.

Kafin la'asar labari ya shiga kowane gida, sai kwanuka suka fara shigowa a rufe da faifai. Kowace ta zo da bayaninta. Wannan ta surukarta ce, waccan a kasuwar Karaye aka sayo, wata kuma wai ajiya aka ba ta. Mai ƙuli-ƙuli ce kaɗai ta dire nata ta ce, "Ga tawa, a gaida inji."

Yarinyar ta gama ɗaukar hotunan ta tafi cikin Karaye inda sabis ɗin waya ya fi ƙarfi, matar nan ta taimaka mata ta ɗora aikin kafin lokacinta ya fita. Abin da muka yi ta wahala a kansa, ta ce injin bai daɗe ba ya gama. Na ce to alhamdulillahi, yanzu sai a goge hotunan tawa. Ta ce ba za a goge ba. Sharaɗin wurin ke nan, abin da ka ɗora ka yi aiki da shi, za ka bar shi a ma'ajiyarsu don wasu masu bincike su amfana. Ta ce babu sunan kowa a jiki, in kwantar da hankalina. Ta buɗo mini su a kwamfutarta jere-jere, ban yi dogon nema ba na nuna jar gyaɗata. Wato tana can, malaman da ban sani ba suna buɗewa suna kallo, kuma a ɓangaren marasa kyau take.

Da damina ta matso, wasu sun zo neman iri, wasu ba su zo ba. Waɗanda suka zo sai da suka kaɗa a kunnensu a gabana kafin su ƙulle a gefen zane. 

Yanzu in na shanya gyaɗa na ga alamar ta yi, sai in leƙa ta kan katanga in kira mai ƙuli-ƙuli. Takan zo tana jan ƙafa, ta ɗiba, ta kaɗa, ta daɗe tana saurare kamar alƙali. Sannan ta ɗaga murya ta ce a mayar rana. Ta ce wai don in ji take ɗagawa, amma har gida na uku ana jin ta.