Kurmin da Impi Ta Ɓoye

Shekara arba'in Impi tana auren Reino, 'ya'ya huɗu tsakaninsu, amma ko da wasa ba ta taɓa gaya masa inda take tsinkar shuɗayen 'ya'yan dajin nan da ake kira mustikka ba. A nan yankin Kainuu, tsohuwa ta gwammace ta ba ka aron haƙoran robarta da ta nuna maka wurin tsinkarta. Idan mustikka ta nuna, Impi kan ɗauki bokiti ta nufi gabas, sai ta ɓace wa idon maƙwabta sannan ta karkata arewa. Ta dawo da bokiti maƙil, leɓe shuɗi, tana ƙorafin wai bana babu komai.

Da ciwon gwiwa ya hana Reino shiga daji da doki yana zaɓar itacen sara ɗaya-ɗaya, sai ya kira masu inji. Su kuwa askin ƙwal-kwabo suke yi wa daji. Ita mustikka 'yar inuwa ce, in aka kwashe itatuwa rana ta ƙone ta, sai a yi shekaru ba a ga ta kirki ba.

"Tsohuwa, faɗi wurin in sa a bar miki," in ji Reino suna shan gahawa.

"Wane wuri? Ni tsintar bakin hanya nake yi."

"To, kar ki kuka da ni."

"Kai dai sha gahawarka, malam gurgu."

Kwana uku inji yana ruri, Impi na jin sa daga gida. Sau biyu ta buɗe baki, sau biyu ta haɗiye maganar. Taurin kai dai, Allah ya sawwaƙe! Uwarta ce ta nuna mata wurin, ita ma da raɗa.

Rana ta huɗu ta fita ba bokiti. Fili fetal, kututture da laka iya ganinka. Sai can arewa ga kurmi guda tsaye cif, an kewaye shi da jan ƙyalle. Nata ne, babu kuskuren ko taku ɗaya. Ta zauna kan kututture ta sha kukanta.

Tana isa gida ta tsare Reino. "Tun yaushe ka sani?"

"Tun shekarar aurenmu. Wa kike zaton yake kauce wa wurin da doki?"

"Munafuki! Ashe duk zagayen nan ta gabas a banza nake yi?"

"Ai daɗin kallo gare shi."

Da mustikka ta nuna, Impi ta fito da bokiti biyu, ta miƙa masa ɗaya, ta rage sauri saboda gwiwarsa. Kurmin kowa na hango shi daga titi. Amma ta gabas suka fara bi.