Dalma a Garin Zogalen Hajjo

Duk wanda ya san Tsohon Birnin Gwari ya san Hajjo mai zogale, in bai san fuskarta ba ya san muryarta, don Allah bai hore mata magana a hankali ba. 'Yar Kusasu ce, aure ya kai ta Dogon Dawa. Shekarar da mutanen daji suka tare mijinta Ƙasimu a gonar masara, ita ta je ta ɗauko gawarsa, lokacin da mazan garin ke cewa a jira sojoji. Ta tarar an ɗaure masa hannuwa ta baya an yanka shi. Ta naɗe shi a mayafinta, ta ɗora a baro, ta turo shi har ƙofar gida. Bayan haka ta kwashe 'ya'yanta huɗu ta bar garin, ta koma Tsohon Birnin Gwari.

A inda ta sauka ba ta da ko taki ɗaya na gona, sai zogalen da ke shingen gidan. Ta shiga tsinkar ganye tana shanyawa a inuwa, ta kai injin wani mutum mai suna Bakoji da ke bakin gari a niƙa, ta tankaɗe, ta ɗura a roba. Masu jego da masu ƙarancin jini suka riƙa saye suna barbaɗawa a koko da miya. Maƙwabciyarta Alice, ma'aikaciyar jinya, ita ta buɗe mata shago a wata kasuwar intanet. Hajjo ba ta taɓa ganin kasuwar nan da idonta ba, amma ta ga kwalayenta suna shiga mota zuwa Kaduna da Abuja, kuma da su take ciyar da gidanta.

Wata ranar Talata Alice ta shigo riƙe da waya, fuska ba walwala.

"Mama Hajjo, sun rufe mana shago. Sun ce kayanmu na ƙarin gina jiki ne, sai mun kawo lambar rajista ta hukuma da takardar ɗakin gwaji mai nuna babu guba a ciki."

"Guba? A zogalena? Ni da nake wanke ganye sau uku? Ki ce musu su zo su lashi tabarmar shanyata!"

Ba su zo ba, don kasuwar intanet ba ta jin faɗa. Dole aka aika roba ɗaya Kaduna ta hannun wani direba. Bayan mako uku sakamako ya dawo: babu ƙwayoyin cuta, babu maganin feshi, amma akwai dalma, ta ninka abin da aka yarda da shi sau da yawa. Alice ta yi mata bayani dalla-dalla, cewa dalma guba ce mai taruwa a jini, tana lalata ƙwaƙwalwar yara, wani lokaci ta sa su jijjiga har su mutu. Hajjo ta tuna jariran da ta ɗauka a hannu tana yabon nonon uwayensu, tsoro ya kama ta ƙwarai. Alice ta ce a aika busasshen ganyen da ba a niƙa ba, a ga ko daga ƙasa ne. Ganye ya fito tas, saura inji.

Abin haushi, babu wanda bai san abin da Bakoji ke yi ba. Da safe yana niƙa duwatsun zinariya na masu haƙa a daji, waɗanda ke aiki ƙarƙashin 'yan bindiga. A cikin duwatsun nan dalmar take. Da rana sai ya kakkaɓe injin da tsintsiya, ya zuba dusa kwano ɗaya ta bi ta ciki, ya ce an wanke, sannan ya karɓi dawa da masara da ganyen mata. Kowa ya ɗauka dusar nan wanki ce, har Hajjo mai wanke ganye sau uku.

Alice ta ce a bi a sannu, a fara kai wa mai gari takardar. Hajjo ta ce to, ta jira Alice ta fita, ta saɓa mayafi ta nufi inji da hantsi.

Ta tarar da mata sun jera kwanuka suna jiran layinsu. Babura biyu na jingine, buhunan duwatsu a ƙasa, wasu mutum biyu zaune a benci da bindigogi a cinya. Ta gan su sarai.

"Bakoji, kashe injin nan! Guba kake ciyar da mu, kai da dusarka!"

"Yaya Hajjo, don Allah ki rufa mini asiri," in ji Bakoji. "Ki je gida, zan zo mu yi magana."

Ina! Ta juya ga matan ta ce kowa ta ɗauki kwanonta, ta sa ƙafa ta ture buhu, duwatsu suka zube. Ɗaya daga mutanen ya tashi, ya buga mata gindin bindiga a baki. Haƙora biyu suka faɗo a ƙura. Kafin ta miƙe ya take mata wuyan hannun dama a kan simintin inji, ya ɗauki dutse daga waɗanda ta zubar, ya daka mata yatsu sau uku, kamar mai fasa goruba. Matan suka watse da gudu. Bakoji yana tsaye, kansa a ƙasa, injinsa na ta ruri.

Kwana biyu bayan haka Bakoji ya je asibiti duba ta. Hajjo ta juya masa baya. Alice ce ta zaunar da shi ta karanta masa takardar, ta tambaye shi inda ake niƙa garin tuwon gidansa. A injin nan ake niƙa shi, ga shi autarsa ta yi jijjiga sau biyu a watan nan, ana ta yi mata hayaƙin iska.

Bakoji ba jarumi ba ne, duk gari an shaida. Amma ranar Asabar da 'yan bindigar suka kawo buhuna ya ce musu su yi haƙuri, ya daina niƙa dutse. Suka harbe shi a ƙirji a ƙofar rumfar, rana tsaka, suka zuba fetur suka cinna wa injin wuta. Sai da ƙurar baburansu ta kwanta aka iya zuwa aka janye shi.

Hajjo ta koma gida da yatsa uku a sandare, ba ta iya riƙe ko ludayi. Ɗakin gwaji na jiran sabon gari, wanda aka daka a turmi, ita kuwa ba hannun daka. Matan unguwa suka ƙi zuwa, kowa na gudun a gan ta a gidan. Wata huɗu da kwana goma shago na rufe, ganye na bushewa a buhu. Sai ga Nafisat, matar Bakoji, ta fita takaba, ta yi sallama da taɓarya a kafaɗa. 'Ya'ya biyar ya bar mata, kuma babu wani aiki a garin. Ta jawo turmi ta fara daka.

Garin da ta daka shi aka aika Kaduna. Ya fito babu dalma, lambar rajista ta biyo baya, aka buɗe shago. Ranar da Alice ta kawo labarin Hajjo ba ta ji daɗin da ta yi zato ba. Ta tako har gindin turmi ta tsaya.

"Nafisat, takarda ta fito. Babu komai a ciki."

"Na ji."

"Ki yafe mini. Wallahi ban nufe shi da haka ba."

Nafisat ta jingine taɓarya, ta share zufa da gefen zani, ba ta ɗago ta dube ta ba.

"Yaya Hajjo, aiki na zo yi. Miƙo mini rariya."

Hajjo ta miƙa mata da hagu.