Kalmar da Kawu ya ƙi karɓa

Jiya wani ya taka min ƙafa a shagona, ya ce "sori" ya wuce. Sai Kawu ya faɗo min a rai.

Shi ya koya min sayar da motoci. Yakan ce, "Sori ba ta jiran amsa. Mai cewa 'ka yafe min' kuwa tsayawa yake."

Ganinmu na ƙarshe, a zaurensa na Badarawa, na ɗaga masa murya kan wani ciniki. Ina sa takalmi na ce, "Sori, Kawu."

Ya ɓantari goro, bai dube ni ba. "Zauna ka faɗa da kyau, ɗana."

Na ce sai na dawo daga Legas. Na dawo na tarar an binne shi.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa ya yafe min ban sani ba.