Faretin Takalma a Shamaki

Kofur Jalo ya ƙarar da ƙuruciyarsa a sojan ƙasa, bataliyarsu har Laberiya ta je. Tun da ya yi ritaya ya dawo Shamaki, kafin a tayar da salla sai ya jera takalman jama'a a ƙofar masallaci, sahu-sahu kamar fareti. Wanda ya watsar da nasa kuwa ya sha faɗa.

Ran nan maƙwabcinsa Anas ya ce, "Baba, wannan wahalar fa?"

Ya yi dariya. "Wace wahala? A can, ni ke kwashe takalman da waɗanda ba su dawo ba suka bari a bariki. Nan kuwa, ana sallamewa kowa zai fito ya ɗauki nasa."