Masaukin Baƙi a Cikin Saba

Ni na jawo wa kaina. A kamfanin casar shinkafa da nake wa aiki a Kalgo, kwamfutoci huɗu ne da mu, kowacce da aikinta. Na lallashi Alhaji, mai kamfanin, ya sayar da su ya sayi babba guda, wadda ake kira saba, a sa mata manhajar da ke raba cikinta kashi-kashi. Don ya gane, na ce kamar gida ɗaya ne mai ɗakuna.

"In ta tsaya ranar awon shinkafa, Injiniya," ya ce, "kai ma ka tsaya gida."

Na ce na yarda. Kuskurena shi ne da na ƙara da cewa buɗe sabon ɗaki ba ya cin ko sisi.

Alhaji mutumin Gwandu ne, bai iya ganin ɗaki a rufe alhali wani na neman masauki ba. Surukinsa mai sayar da kifi a Diggi ya samu ɗaki. Amininsa mai makarantar kuɗi ya samu biyu. Har wani ƙanen matarsa da ba shi da sana'ar komai aka buɗe wa, wai kada ya ji an ware shi. Na yi bayani har bakina ya bushe cewa ɗakunan daban ne amma tukunya ɗaya suke ci. Ya ce abinci ba ya kasa baƙo.

Ranar da motocin shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, suka taso daga Dalijan, ita ce ranar da makarantar ta ga damar fitar da sakamakon jarrabawa. Saba ta ɗauki gurnani, na'urar awo ta daskare. Kyamarori da lissafin sito suka bi ta, tunda gidansu ɗaya. Layin motoci ya kai titi, direbobi suna ta hon, ni kuwa zufa har cikin takalmi. Tsoro na ji sosai, don matata na da tsohon ciki.

Na sami Alhaji a ofis. "Ranka ya daɗe, a kashe ɗakin makaranta, yanzu awo ya tashi."

Ya dube ni kamar na zagi iyayensa. "Mi kac ce? In tada baƙo? Da wane ido ni ka kallon shi masallaci?"

"To na surukinka."

"Wanga ma ya hi muni."

Ya ja carbi, sannan fuskarsa ta washe. "Gidanmu in baƙi sunka yi yawa, mai gida ka hita ya kwana zaure. Mu za mu hita."

Na ce mu fita zuwa ina, tunda tsofaffin kwamfutocin an sayar? Jakar da ke rataye a kafaɗata yake kallo, wadda ƙaramar kwamfutata ke ciki, tawa ta kaina.

Kafin la'asar awo ya tashi a kan kwamfutata, aikina ya tsira. Kwamfutar tana nan kan benci kusa da sikeli har yau, ta yi fari fat da dusa. Ran Juma'a nakan roƙi mai awo ya bar ni in duba hotunan ɗiyata a kanta.