Titin da Muka Share wa Baƙi

Har yau ban manta da ranar da 'yan kwamitin majalisa suka zo duba titin da ke gaban masana'antarmu a Sharada ba. Lokacin ni ne jami'in kula da ma'aikata. An gabatar da ƙudirin doka don kare masu tafiya a ƙafa, aka ɗora wa kwamitin ya zagaya ya tantance titunan da za a yi wa tudun rage gudu da wurin tsallakawa. Titin da bai shiga jerin ba, sai wani jiƙon.

Namu ya cancanta. Ƙarfe biyu na rana, lokacin canjin aiki, masu fita da masu shiga kan cakuɗe da tireloli da adaidaita a bakin ƙofa. A nan mota ta taka Hadiza, mai aikin ɗaure kaya, har yanzu da sanda take tafiya.

Manaja ya ce manyan baƙi ne, kada mu ji kunya. Ni na rubuta takardar gayyata, na sa ƙarfe sha ɗaya na safe don kada rana ta dame su. Na sa aka kai tirelolin bayan sito, aka roƙi masu abinci su ɗaga na yini ɗaya, aka share ko'ina.

Malam Idi mai gadi, wanda kullum shi ke tare motoci da hannu, ya same ni a ofis. Ya ce, "Yallaɓai, in likita zai zo, ba a ɓoye masa ciwo." Na ce masa umarni ne daga sama.

Suka zo, suka sha lemo, suka ɗan tsaya a bakin titi. Kowa yana ciki yana aiki. Shugaban kwamitin ya yaba, ya ce da ko'ina haka yake, da ba a buƙaci doka ba. Na kawo Hadiza gabansa, ya jajanta mata, ya tambayi inda abin ya faru. Ta nuna masa kwalta fayau.

Da jerin ya fito, titinmu ba ya ciki. Na rubuta musu, aka amsa cewa an riga an miƙa rahoto.

Mai yin doka abin da ka nuna masa yake gani, mu kuwa gyara wa baƙo wuri muka iya. Duk wanda ya gaji kujerata, in masu dubawa za su zo, ya kira su lokacin da abin ya fi muni, ya bar su su tsallaka da ƙafarsu.